Man Citta: Abin Da Ya Ƙunsa Da Matsayinsa Game Da Ciwon Daji

Duk wanda ya taɓa ratsa ƙasar Jaba, ko Kachia, ko kewayen Kafanchan a tsakanin watan Nuwamba da na Janairu, ba ya bukatar a gaya masa abin da manoman wurin suke ciki, domin ƙamshin cittar da aka tsaga aka baza a rana shi ne zai tarye shi tun daga bakin hanya. Wannan ƙamshi yana fitowa ne daga wani mai ɗan kaɗan da yake ɓoye cikin saiwar, wanda masana suke kira man ƙamshi. A shekarun baya-bayan nan maganar wannan mai ta bazu ƙwarai, har masu tallar magani a tasha da kasuwa da wayar hannu suna cewa wai Turawa sun tabbatar yana warkar da ciwon daji. An shirya wannan darasi ne domin malaman gona, da malaman makaranta, da ma'aikatan lafiya na karkara, da manoma masu karatu, su san abin da masu bincike suka gano a haƙiƙa, da kuma inda bincikensu ya tsaya.

Citta a kudancin Kaduna

Asalin citta daga kudu maso gabashin Asiya take. Larabawa suna ce mata zanjabil, kuma a shekarar 1807 wani masanin tsire-tsire na birnin Libaful a Ingila, William Roscoe, ya tabbatar mata da sunan da masana suke amfani da shi har yau, watau Zingiber officinale. A wajen shekarar 1927 ne aka soma nomanta gadan-gadan domin sayarwa waje a kudancin lardin Zazzau, daidai lokacin da Kafanchan ta zama mahaɗar hanyoyin jirgin ƙasa, abin da ya sauƙaƙa kai kaya bakin teku. Tun daga sa'an nan Kwoi, da Kachia, da Kagarko, da ƙasar Jama'a, da Zangon Kataf suka zama gidan citta. Bisa ƙididdigar Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, Nijeriya ta noma fiye da tan 700,000 a shekarar 2022, Indiya kaɗai ce ta fi ta, kuma mafi yawan wannan daga kudancin Kaduna ya fito.

Iri biyu aka fi sani. Akwai Tafin Giwa, mai kauri, mai launin rawaya a ciki, akwai kuma Yatsun Biri, mai siraran yatsu da ɗan duhun launi. Cibiyar binciken amfanin gona masu saiwa ta ƙasa da ke Umudike ita ce Gwamnatin Tarayya ta ɗora wa alhakin kyautata irin citta. A kasuwannin duniya an san cittar Nijeriya da zafin yaji da yawan mai, saboda haka masu tatsar mai suka fi nemanta, ko da yake masu yin alewa da kayan sha sukan fifita ta Jamaika saboda sanyin ƙamshinta.

Yadda ake tatsar man

Man ƙamshi ba irin man gyaɗa ko man ja ba ne. In aka ɗiga man gyaɗa a takarda tabonsa yana nan, amma man ƙamshi yakan tashi ya bi iska da kaɗan-kaɗan, shi ya sa hanci yake jinsa daga nesa. Wannan hali nasa na tashi shi ake amfani da shi wajen raba shi da saiwar. Akan niƙa busasshiyar citta a zuba a tukunya mai murfi, a tura mata tururi. Tururin ya kwashi man ya bi da shi ta cikin wani bututu da ruwan sanyi yake kewaye da shi, ya koma ruwa, ya ɗiga a kwalba. Da yake mai ba ya haɗuwa da ruwa, sai ya taso sama, launinsa fatsi-fatsi zuwa rawaya, a tsiyaye shi.

Abin da ake samu kaɗan ne ƙwarai, galibi kashi 1 zuwa 3 cikin 100 na nauyin busasshiyar citta. Alal misali, ɗanyar citta kilo 500 in ta bushe takan koma wajen kilo 100, wannan kuma in an tatsa ba za a samu abin da ya wuce kilo 2 ko 3 na mai ba. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan lissafi, domin za a komo kansa a gaba.

Akwai wani abu kuma da yakan ba mutane mamaki. Man ƙamshin citta ba shi da yaji. Abin da yake ƙona harshe a yajin tsire, ko a kunun zaƙi, ko a zoɓo, waɗansu sinadarai ne dabam masu nauyi, waɗanda tururi ba ya iya ɗauka. Babbansu shi ne jinjarol, wanda wani masani ɗan Ingila, J. C. Thresh, ya fara warewa a shekarar 1879. In aka shanya citta ko aka dafa ta, wani sashe na jinjarol yakan rikiɗe ya zama shogawol, wanda ya fi shi zafi, dalilin ke nan da busasshiyar citta ta fi ɗanya yaji. Su waɗannan ana fitar da su ne ta hanyar jiƙa garin citta cikin wani ruwan narkarwa, a samu wani abu mai kauri, baƙi-baƙi, kamar ɗanko. To, ɗankon citta dabam, man ƙamshin citta dabam, kuma yawancin ruɗanin da ake samu a bakin jama'a daga gama su wuri ɗaya ya taso.

Abin da man ya ƙunsa

Man ba abu ɗaya ba ne, taron sinadarai ne. Akwai na'urar da take mai da shi tururi ta tura shi cikin wani siririn bututu mai tsawon mita 30, marasa nauyi su riga fita, masu nauyi su biyo baya, wata na'urar kuma tana bakin bututun tana auna kowanne tana bayyana sunansa. Da wannan hanya akan ƙirga sinadarai fiye da 50 a cikin man citta guda.

Wanda ya fi yawa shi ne zinjibarin, wanda daga sunan cittar aka ciro sunansa. Sau da yawa yakan kai kashi 20 zuwa 35 cikin 100 na man busasshiyar citta. Kowace ƙwayarsa an gina ta ne da kabon 15 da haidurojin 24, kuma yana da 'yan'uwa masu irin wannan gini ko kusa da shi, watau seskwifelandirin, da bisabolin, da farnesin, da kurkumen. In an haɗa wannan dangi sukan wuce rabin man. Sauran su ne ƙananan sinadarai masu kabon 10, waɗanda suka fi saurin tashi. Cikinsu akwai sitral, mai ƙamshin lemon tsami, wanda shi ne kuma ya cika man ciyawar lemo, da kamfen da siniyol masu ƙamshi irin na kafur da na ganyen turare.

Wannan lissafi ba tsayayye ba ne. Irin citta, da ƙasar da aka shuka ta, da lokacin haƙa, da yadda aka shanya, duk suna sauya shi. Cittar Ostareliya ta yi suna da yawan sitral, ta Nijeriya kuwa 'yan kasuwa suna siffanta ta da ƙamshi mai ƙarfi mai kama da kafur. Ɗanyar citta ta fi busasshiya sitral, domin rana tana kore shi. In kuma citta ta daɗe a ajiye, musamman in an niƙa ta, zinjibarin yakan ragu kurkumen ya ƙaru, har masu saye a Turai sukan gane tsohuwar citta ta wajen gwada yawan waɗannan biyu. Saboda haka sakamakon da aka samu da man cittar Indiya ko Sin ba lalle ne ya zama daidai da na cittar Kwoi ba, sai an gwada.

Hana tsatsa

Kowa ya san ƙarfe yana tsatsa, goro in an ɓare shi aka bari yakan sauya launi, man gyaɗa in ya daɗe a buɗe yakan sauya wari. Duk aikin iskar oksijin ne. Irin wannan yana faruwa cikin jikin mutum, domin sa'ad da jiki yake ƙona abinci ya sami ƙarfi, akan sami waɗansu ɓarɓashin sinadarai marasa natsuwa, masu far wa ƙwayoyin halitta su ɓata su. Hayaƙin taba da waɗansu gubobi suna ƙara yawansu. Jiki yana da nasa makaman na kashe kaifinsu, abinci kuma yana taimakawa, kamar bitamin C na lemo da gwaiba. Duk abin da yake wannan aiki shi ake kira mai hana tsatsa.

A ɗakin gwaje-gwaje akan auna wannan da wani ruwa mai launin shunayya. In aka ɗiga masa abin da yake hana tsatsa sai launin ya kwashe ya koma rawaya, gwargwadon ƙarfin abin gwargwadon kwashewar launin. Man citta yana cin wannan jarrabawa, amma ba shi ne gwani ba. Man kanumfari ya fi shi nesa, domin kashi 70 zuwa 90 cikin 100 nasa wani sinadari ne, yujinol, mai ƙarfin gaske a wannan fanni. Hatta a cikin cittar kanta, jinjarol da shogawol, waɗanda ba sa shiga man ƙamshi, sun fi zinjibarin wannan aiki. Watau mai shan shayin citta ya fi mai sayen 'yar kwalbar mai da tsada samun masu hana tsatsa.

Sa'an nan kuma sauya launin ruwa a kwalba bai zama shaidar tsare mutum daga ciwo ba, kuma an taɓa koyon wannan da tsada. A ƙasar Finlan an ba maza masu shan taba fiye da 29,000 ƙwayoyin bitamin masu hana tsatsa na tsawon shekaru, da zaton za su tsare su daga ciwon dajin huhu. Da aka bayyana sakamako a shekarar 1994, sai aka tarar waɗanda suka sha sinadarin beta-karotin sun fi waɗanda ba su sha ba kamuwa da ciwon da kashi 18 cikin 100. Abin da yake da amfani cikin ganye da 'ya'yan itatuwa, da aka tattara shi a ƙwaya aka sha da yawa, sai ya zama illa.

Gwajin ciwon daji

Ciwon daji, ko sankara, yana farawa ne sa'ad da wata ƙwayar halitta ta ƙi bin ƙa'idar jiki, ta yi ta hayayyafa ba tsayawa, ta ƙi mutuwa lokacin da ya kamata. Masu bincike suna kiwon irin waɗannan ƙwayoyi cikin 'yan faranta a ɗakin gwaje-gwaje. Mafi shahara cikinsu an ciro su ne daga sankarar bakin mahaifa a birnin Baltimo na Amurka a shekarar 1951, kuma har yanzu zuriyarsu tana raye a ɗakunan bincike na duniya. Akan zuba musu man citta, a jira kwana ɗaya zuwa uku, a ƙirga waɗanda suka rage.

Gaskiya ne an yi wannan da man citta a ƙasashe da dama, kuma gaskiya ne man da zinjibarin ɗinsa sun kashe ƙwayoyin sankarar bakin mahaifa, da ta mama, da ta jini a cikin faranti. A waɗansu gwaje-gwajen an ga alamar cewa man ya tilasta wa ƙwayoyin bin hanyar mutuwar da suka ƙi bi tun farko, kuma wannan ne ya fi jan hankalin masana. A cibiyar binciken sankara ta Amala da ke jihar Kerala a Indiya an wuce faranti an gwada a jikin ɓeraye, aka ba da rahoton raguwar girman ƙarin da aka dasa musu. Waɗannan sakamako ne na ƙwarai, kuma su ne tushen maganar da masu talla suke yaɗawa.

Amma fa faranti ba jikin mutum ba ne. Ƙwayar da take kwance a faranti ba ta da fata, ba ta da hanta, ba ta da wurin ɓuya, ruwan zafi ma yana kashe ta. Abin da ake nema shi ne maganin da zai bi ta ciki, ya tsira daga hanta, ya shiga jini, ya kai ga ƙarin da yawansa, ya kashe mugayen ƙwayoyi ya ƙyale nagari. A nan ne lissafin da aka yi a baya yake da amfani. Garin citta giram 2, watau wajen ƙaramin cokali guda, man da ke cikinsa bai wuce miligiram 40 zuwa 60 ba, wannan kuma zai watsu ne cikin jikin mutum mai kilo 60, bayan hanta ta sarrafa rabonta. In kuwa mutum ya ce zai cike giɓin da kwankwaɗar tsantsar man, to ya ɗauko wata cutar, domin tsantsar man ƙamshi tana ƙona baki da ciki.

Ba wai tsiro ba ya ba da maganin sankara ba ne. Binkiristin, wanda ake ba yara masu sankarar jini, daga wata fulawa ta tsibirin Madagaska aka samo shi, an kuwa amince da shi a Amurka a shekarar 1963. Pakilitaksel, wanda ake ba masu sankarar mama, daga ɓawon wani itace na yammacin Amurka ya fito. An ɗebi ɓawon domin gwaji a shekarar 1962, ba a amince da maganin ba sai 1992, shekara 30 cur. Cikin magunguna 10 da suke kaiwa matakin gwaji a jikin mutane, wajen 9 sukan faɗi. Man citta bai ci wannan jarrabawa ba, kuma babu wata hukumar magunguna da ta amince da shi a matsayin maganin sankara.

Akwai dai abin da aka gwada a jikin mutane, kuma da cittar kanta aka yi, ba da man ƙamshi ba. A shekarar 2012 masu bincike na Jami'ar Rocesta a Amurka sun ba da rahoto a kan masu sankara 576 da suke karɓar allurar kashe ƙari. Waɗanda aka ƙara wa citta rabin giram zuwa giram 1 a rana, tare da maganin hana amai na asibiti, sun sami sauƙin tashin zuciya a ranar farko ta allurar fiye da sauran. Wannan taimako ne na gaske ga wanda ya san wahalar wannan allura, amma sauƙin tashin zuciya ne, ƙarin yana nan sai an yi masa nasa maganin. Ko wannan ma sai da sanin likita, domin ana zaton citta mai yawa tana iya ƙara ƙarfin magungunan tsinka jini, kuma akan shawarci mai jiran tiyata ya dakata da ita.

Haɗarin jinkiri

Hukumar binciken sankara ta duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2022 mutum fiye da 120,000 suka kamu da ciwon a Nijeriya, kusan 80,000 kuma suka rasu. Sankarar mama da ta bakin mahaifa su ne kan gaba ga mata, ta furostet kuma ga maza. Babban abin da likitocin ƙasar nan suke kuka da shi shi ne zuwa asibiti a makare. Mace takan ji ɗan kullutu a mama, maras zafi, ta shafe wata shida ko shekara tana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, ba za ta zo ba sai ya fashe. Kullutun da tiyata za ta iya cirewa a farko, a ƙarshe ya riga ya yi rassa zuwa ƙashi ko huhu. Laifin mai sayar da kwalba bai tsaya ga kuɗin da ya karɓa ba, watannin da ya cinye su ne ba sa dawowa.

Saboda haka duk wanda ya ga kullutu a mama ko hammata, ko zubar jini bayan saduwa ko bayan ɗaukewar al'ada, ko gyambon da ya ƙi warkewa, ko wahalar fitsari, ko rama ba dalili, sai ya nufi asibiti mafi kusa, daga nan a tura shi inda ƙwararru suke, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko Babban Asibitin Ƙasa da ke Abuja. Har wa yau, tun watan Oktoba na 2023 Gwamnatin Tarayya ta shigo da allurar rigakafin ƙwayar cutar da take haddasa sankarar bakin mahaifa, kyauta, ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, kuma aikin ya iso Jihar Kaduna a shekarar 2024. Bugu da ƙari, Dokar Abinci da Magunguna ta 1974 ta hana tallata wani abu ga jama'a a matsayin maganin sankara. Lambar hukumar NAFDAC a jikin kwalbar maganin gargajiya kuwa ba shaida ba ce cewa an tabbatar yana warkar da abin da aka rubuta a kai.

Abin da ya shafi manomi

Darajar man citta ta tabbata ba tare da an jingina shi da sankara ba. Masana'antun lemon kwalba, da biskit, da turare, da sabulu suna sayensa, kuma mafi yawan cittar kudancin Kaduna tana fita ne a tsage a bushe, a tatse ta a wata ƙasa, ribar tatsar ta zauna can. Annobar ruɓewa da ta faɗa wa gonaki a daminar 2023, wadda Ma'aikatar Aikin Gona ta Tarayya ta ƙiyasta hasararta da fiye da naira biliyan 12, ta sa kowane buhu da ya tsira ya ƙara daraja, saboda haka bai kamata a bari man da ke ciki ya salwanta bayan haƙa ba.

Cittar da ta nuna sosai, wadda ta yi wata takwas zuwa tara a ƙasa har ganyenta ya bushe, ita ce ta masu tatsa. Jakunkunan man suna kusa da ɓawo ne, don haka fera mai zurfi zubar da mai ne. Niƙa tun kafin a sami mai saye shi ma hasara ce, domin gari ya fi tsagi saurin sakin ƙamshi. Ma'aunin da ake bi a cinikin duniya shi ne kada laimar busasshiyar citta ta wuce kashi 12 cikin 100, man ƙamshinta kuma kada ya gaza mililita 1.5 a kowane giram 100.

Shanya a ƙasa tsirara ko a gefen kwalta, da ɗura citta a buhu tun ba ta gama bushewa ba, suna jawo fumfuna. Wani irin fumfuna yana fitar da guba mai suna afalatoksin, irin wadda ta sha ɓata cinikin gyaɗa, kuma ita an tabbatar tana haddasa sankarar hanta a jikin mutum. Dafuwa ba ta kashe ta, kuma masu saye a Turai suna auna ta kafin su karɓi kaya. Sai a shanya a kan siminti mai tsabta, ko tamfal, ko gado mai tsayi, a riƙa juyawa, a kwashe kafin raɓa ta sauka. Alamar bushewa ita ce tsagin ya karye da ƙara in an lanƙwasa shi. Daga nan sai a zuba a buhu mai shan iska, a jera a kan katako, nesa da bango, a ɗaki maras yoyo.